Masu tsaron ƙofar Wi-Fi a Maraɗi

Daga Babbar Kasuwar Maraɗi zuwa Tibiri da Jiratawa, mai sayen tikitin Wi-Fi lambobi kawai yake gani a 'yar takarda. Ainihin aikin yana hannun matasan da suka saita na'urar MikroTik, ƙirar Latbiya, suka haɗa ta da sabar RADIUS, tsarin da kamfanin Livingston ya ƙirƙiro a Amurka a 1991.

Sabar ce ke tantance suna da lambar sirri, ta ƙirga lokaci, ta rufe ƙofa da zarar tikiti ya ƙare. Harafi ɗaya ya kuskure a kalmar sirrin da ke tsakaninta da na'urar, kowa sai ya tsaya waje.

Matasan nan sun cancanci jinjina, balle da zafin Afrilu, lokacin da wuta ke yawan ɗaukewa, su kuwa suna fama da batir da sola don kada rezo ya yanke.