Doctor Who da Al'adar Sauya Fuska

A shekarar 1966 gidan talabijin na BBC ya shiga tsaka mai wuya. Shirinsa na Doctor Who, wanda aka fara nunawa ranar 23 ga Nuwamba 1963, ya samu karɓuwa wurin yara da manya, amma rashin lafiya ta ci ƙarfin jaruminsa William Hartnell, mai fitowa a matsayin Dakta, har yakan mance abin da zai faɗa ana tsakiyar ɗauka. Maimakon a rufe shirin, furodusa Innes Lloyd da mai tace labari Gerry Davis suka ɓullo da dabara. Tunda Dakta ba ɗan Adam ba ne, baƙo ne daga wata duniya mai yawo tsakanin zamanai cikin jirgi mai siffar rumfar wayar 'yan sanda, me zai hana jikinsa ya sabunta idan ya gaji? A ƙarshen labarin The Tenth Planet tsohon ya yanke jiki ya faɗi, haske ya lulluɓe fuskarsa, da ya washe sai ga Patrick Troughton kwance a wurin.

Abin da ya raya dabarar shi ne Troughton bai kwaikwayi wanda ya gada ba. Hartnell dattijo ne mai furfura da saurin faɗa. Troughton ya zo da wando burmeme da sarewa a aljihu, yana wasan wauta don abokin gaba ya raina shi. Marubutan kuma ba su tilasta wa mai kallo ya yarda nan take ba. Cikin abokan tafiyar Dakta biyu, Polly ta amince shi ne, Ben ya ƙeƙashe ƙasa ya ce sojan gona ne, sai da wani Dalek, babban maƙiyinsa, ya shaida shi. Shakkar da ke zuciyar mai kallo aka ɗauko aka sa a bakin Ben, kuma a ganina nan ne hikimar take. Abin takaici, BBC ta goge yawancin faya-fayan zamanin Troughton. A 2013 ne aka sanar da gano kashi tara da suka ɓace a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos.

Daga nan abin ya zama gado. Tom Baker ya riƙe matsayin Dakta daga 1974 zuwa 1981, an dakatar da shirin a 1989, Russell T Davies ya farfaɗo da shi a 2005 da Christopher Eccleston. Ba kowane sauyi ne ya yi kyau ba. Da aka sallami Colin Baker a 1986 ya ƙi dawowa a ɗauki fitarsa, dole Sylvester McCoy ya ɗora gashin aro ya kwanta a madadinsa.

Sanar da sabon jarumi ma ya koma biki. An bayyana Peter Capaldi a shiri na kai tsaye a 2013, Jodie Whittaker kuwa, mace ta farko, bayan wasan ƙarshe na gasar tanis ta Wimbledon a 2017. Kowane karo sai an yi ƙorafi: Matt Smith ya yi yaro da shekara 26, Capaldi ya yi tsufa. Wannan ƙorafin bai dame ni ba, jimamin rabuwa ne, kuma shirin na bukatarsa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda masu shirin suka fara tsoron rabuwar. A 2022 Whittaker ta rikiɗe ta koma David Tennant, wanda ya riga ya yi zamaninsa daga 2005 zuwa 2010. Da Ncuti Gatwa, haifaffen Ruwanda da ya tashi a Sikotilan, ya shigo a Disamba 2023, sai aka tsaga Daktan gida biyu: Gatwa ya fito da riga ba wando, Tennant ya ci gaba da rayuwa da nasa jirgin. Wato an naɗa sabon sarki alhali tsohon na zaune a cikin gari. Baƙar fata na farko da ya ja ragamar shirin ya cancanci a bar masa fagen shi kaɗai, yadda aka bar wa Troughton. Zango biyu kacal ya yi, kuma a Mayu 2025 fuskar da ta maye gurbinsa ta Billie Piper ce, wadda masu kallo suka sani tun 2005.