Jiki Magayi: Tarken Wasannin Bidiyo Uku

Gabatarwa

Mai karanta ƙagaggen labari ɗan kallo ne. Komai munin ta'asar da tauraro ya tafka, mai karatu yana iya rufe littafi ya tashi hannunsa fes. Wanda ya karanta Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East yana bin Abubakar ne a hanyarsa ta neman ramuwa a kan Malam Shehu, yana iya tausaya masa ko ya la'ance shi, amma ba wanda zai ce da shi aka haɗa baki. Wasan bidiyo ya rushe wannan katanga. A cikinsa labari ba ya gusawa sai ɗan wasa ya motsa yatsa, takobi ba ya sauka sai an danna maɓalli. Saboda haka duk abin da tauraro ya aikata, akwai kason mai riƙe da linzamin wasan a ciki.

Da yawa daga cikinmu sun san na'urar PlayStation ne ta wasan ƙwallon ƙafa da samari ke bugawa a shagunan gem. Akwai wani rukuni daban na wasanni masu dogon labari, waɗanda mutum ɗaya kan shafe sa'o'i goma zuwa talatin kafin ya ga ƙarshensu. A 'yan watannin nan na buga uku daga cikinsu a PlayStation 4, wato Shadow of the Colossus da God of War da The Last of Us Part II. Dukansu suna magana ne a kan kisa da abin da yake bar wa mai yin sa. Ma'aunin da zan ɗora su a kai guda ɗaya ne: shin abin da hannun ɗan wasa yake aikatawa ya dace da abin da labarin yake faɗa, ko kuwa baki na wa'azi hannu na warwarewa?

Shadow of the Colossus

Fumito Ueda na ƙasar Japan ne ya jagoranci ƙirƙirar wannan wasa, ya fito a 2005, kamfanin Bluepoint Games kuma ya sake gina shi a 2018. Labarin bai fi a faɗe shi a numfashi ɗaya ba. Wani saurayi, Wander, ya ɗauko gawar wata budurwa, Mono, a kan dokinsa Agro, ya shiga wata ƙasa da aka haramta shiga. Wata murya mai suna Dormin ta yi masa alkawarin dawo da ran yarinyar idan ya hallaka samudawa 16 da ke warwatse a ƙasar. Babu gari, babu kasuwa, babu ƙananan abokan gaba. Daga fili sai duwatsu, sai hasken rana da ke tattaruwa a bakin takobi yana nuna hanya.

Kusan duk wasan ya rataya ne a kan maɓalli ɗaya, na riƙo. Kusan kowane basamude ya kai tsayin gini, kuma sai an hau jikinsa, an damƙe gashinsa, an rarrafa zuwa inda tambarin rauninsa yake haske, sannan a soka takobi. Muddin Wander yana riƙe, yatsan ɗan wasa yana danne da maɓallin. Basamuden yana girgiza, ma'aunin ƙarfi yana raguwa, yatsa yana sagewa. Gajiyar saurayin da gajiyar mai wasa sun zama abu ɗaya, ba tare da an furta kalma ba.

Hikimar Ueda ta fito ne a lokacin nasara. Inda sauran wasanni ke kaɗa tamburan murna, a nan kiɗan Kow Otani yakan koma na makoki, halittar ta zube a hankali kamar an sare kuka, wasu baƙaƙen zarurruka su fito daga gawar su huda Wander ya faɗi sumamme. A hankali fatarsa tana kodewa, kamanninsa suna canzawa. Da yawa daga samudawan suna zaman zamansu ne aka je aka tsokane su. Na 13, wanda ke shawagi a sararin hamada, ko sau ɗaya bai kai hari ba. Ɗan wasa ne yake bin sa da sukuwa yana harbinsa da kibau. A wurin nan na fahimci cewa wasan bai taɓa ce mini abin da nake yi laifi ne ba. Ya bar ni da daɗin hawan da kuma nauyin kisan, duka biyu nawa ne, domin da son raina na hau.

Ƙarshen ya cika wannan tsari. Bayan asirin Dormin ya tonu, wata iska tana jan Wander zuwa cikin wani tafki, linzami kuma yana hannun ɗan wasa. Yana iya gudu, yana iya damƙe matakala, amma ba hanyar tsira. Maɓallin riƙon da ya yi sa'o'i yana dogaro da shi, a ƙarshe dole ya sake shi. Aibin wasan a fili yake: kyamara takan bijire a tsakiyar faɗa, tana toshe gani a lokacin da aka fi bukatarsa. Duk da haka, a nan hannu da labari harshe ɗaya suke magana.

God of War

Wasan da Cory Barlog ya jagoranta a kamfanin Santa Monica Studio, wanda ya fito a 2018, ya ɗauko Kratos, jarumin Sparta da ya ƙarar da allolin tatsuniyoyin Girka a wasannin baya, har da mahaifinsa Zeus, ya kai shi ƙasar tatsuniyoyin arewacin Turai yana dattijo. Matarsa Faye ta mutu, ta bar wasiyyar a watsa tokarta daga ƙololuwar dutse mafi tsawo. Shi da ɗansa Atreus, waɗanda ba su saba da juna ba, suka kama hanya. Kyamara ba ta yankewa ko sau ɗaya daga farko har ƙarshe, tana manne da kafaɗar uban, wanda hakan ya sa ɗan wasa ba ya samun wurin ɓuya daga shirun da ke tsakaninsu.

An ware wa yaron maɓalli guda. Idan aka danna, sai ya harba kibiya inda uban ya nuna. Shi ne kuma yake karanta rubutun ƙasar, domin Kratos bai iya ba. Cikin 'yan sa'o'i yatsa yakan saba da yaron har ya daina tunani kafin ya kira shi. Sai labarin ya yi amfani da wannan sabo sau biyu. Na farko, da Atreus ya kwanta ciwo, uban ya tafi Helheim, ƙasar matattu, ba tare da shi ba. Sau da yawa na danna maɓallin a tsakiyar faɗa ba abin da ya faru, rashin ɗan ya fara isa yatsana kafin ya isa zuciyata. Na biyu, da yaron ya ji cewa shi ma jinin alloli ne, girman kai ya shige shi, ya fara harbi yadda ya ga dama, wani lokaci a ba shi umarni ya yi kunnen uwar shegu. Marubucin littafi sai dai ya bayyana takaicin uban da ɗansa ya kangare. Wannan wasa ya sa ɗan wasa ya ɗanɗana shi.

Inda wasan ya yi tuntuɓe shi ne wurin jigonsa na biyu. Kratos yana ta horon ɗansa da kame kai da gudun zubar da jini ba dalili, alhali wasan yana saka wa ɗan wasa da maki a kan kowane kisa, yana kuma ƙawata yayyaga abokan gaba da hotuna masu ɗaukar ido. Mutumin da ke ɗauke da tokar matarsa yakan tsaya fasa tukwane da akwatuna yana tsintar azurfa, yana gwada sulke yana duba lambobinsa kamar mai ciniki a kasuwa. Dangantakar uba da ɗa ta shiga cikin linzami, amma nadamar Kratos ta tsaya a fatar baki.

The Last of Us Part II

Wannan shi ne mafi buri a cikin ukun, shi ne kuma ya fi raba kan 'yan wasa. Kamfanin Naughty Dog ya fitar da shi a watan Yunin 2020, Neil Druckmann da Halley Gross suka rubuta. A kashi na farko, na 2013, wata annoba ta rusa Amurka, Joel kuma ya kashe likitan da zai yi wa yarinya Ellie tiyatar da za ta ci ranta domin samar da rigakafi. A kashi na biyu 'yar likitan, Abby, ta zo ta kashe Joel a gaban Ellie. Ellie ta bi sawunta zuwa birnin Seattle, ta yi kwana uku tana kashe abokan Abby ɗaya bayan ɗaya. Daidai lokacin da ake jiran karon ƙarshe, sai wasan ya mayar da agogo baya, ya miƙa wa ɗan wasa Abby, ya ce a sake rayuwar waɗannan kwanaki uku da ita.

Wannan zubi jarumta ce. A littafi, sauya mai ba da labari tsohon salo ne. A wasa kuwa ma'anarsa a ce ka kare ran wadda ka tsana, ka nema mata magani, ka ji tsoronta na wuri mai tsawo yana jujjuya maka allo. Bayan sa'o'i kusan goma, mutanen da Ellie ta kashe sun zama masu suna da barkwanci da buri. Sannan aka kawo faɗan gidan wasan kwaikwayo, inda ɗan wasa yake riƙe da Abby, abokiyar gabarsa kuma ita ce Ellie. A nan na sami hannuna yana jan ƙafa, ina danna maɓalli ina fatan kada bugun ya sauka. Wannan nawar hannu ita ce ma'anar wurin, kuma ba wani nau'in adabi da zai iya haifar da ita.

Sai dai marubutan ba su amince wa dabararsu ba, suka riƙa ƙara gishiri. Akwai karya mai suna Alice da take afka wa Ellie ba zato, ɗan wasa ba shi da zaɓi sai ya kashe ta ko a kashe shi. Daga baya, a ɓangaren Abby, sai a kawo karyar tana kaɗa wutsiya ana wasa da ita, domin dai a ce masa dubi abin da ka yi. Wannan tilas ce aka yi wa mutum sannan aka kama shi da laifi. Ba rashin zaɓin ne aibin ba, domin Shadow of the Colossus ma bai ba da zaɓi ba. Bambancin shi ne Ueda ya bar ɗan wasa ya so abin da yake yi, laifin ya tsiro daga son. A nan kuwa laifin ɗora shi aka yi daga waje. Haka nan abokan gaba suna kiran sunan ɗan'uwansu idan ya faɗi, abin da kan girgiza mutum a karon farko, amma bayan an ji shi sau ɗari sai ya zama ƙarar da kunne ya saba da ita. Kuma wasan da yake kukan zubar da jini shi ne yake nuna gyaran bindiga a kan teburi daki-daki, cikin ƙauna irin ta maƙeri da aikinsa. Tsawonsa, kimanin sa'o'i 25, ya fi ƙarfin abin da yake son faɗa.

Abin da ya fanshi wasan ƙaramin abu ne. Joel ne ya yi wa Ellie kyautar jita, kuma a wurare da dama ɗan wasa ne yake kaɗa ta da kansa, yana shafa babban yatsa a kan faifan taɓawa na linzami. A faɗan ƙarshe a gaɓar tekun Santa Barbara, Ellie ta rasa yatsu biyu kafin ta saki Abby ta tafi. Da ta koma gida ta tarar ba kowa, ta ɗauki jitar. Ɗan wasa yana shafawa yadda ya saba, sautin kuma yana fitowa a karye. Duk wa'azin da aka yi a baya bai kai wannan minti ɗaya bayyana farashin ramuwa ba.

Kammalawa

Idan aka bi ma'aunin da na ɗauka, wasan da ya fi tsufa kuma ya fi ƙarancin magana shi ne ya fi cika. God of War ya ci nasara a rabin jigonsa. The Last of Us Part II ya kai inda sauran biyun ba su kai ba a wurare biyu ko uku, ya kuma faɗi inda ya ɗauka ɗan wasa sai an ja masa kunne kafin ya ji.

Akwai darasi a nan ga masu nazarin adabi. Kayan aikin da muka gada, wato jigo da salo da zubi da tsari da taurari, suna aiki a kan waɗannan wasanni, amma ba su wadatar ba. Matarkin da ya tsaya ga hotuna da maganganun taurari ya yi tarken fim ne, ya bar wasan. Dole a ƙara tambaya ɗaya: me aka sa ɗan wasa ya yi da hannunsa, sau nawa, kuma me ya ji yana yi? Riƙon gashin basamude, da maɓallin yaron da ya daina amsawa, da jitar da ta ƙi daɗi, a cikinsu marubutan suka ajiye mafi nauyin abin da suke nufi. Yara da samari masu yawa a yau suna haɗuwa da labarin mutuwa da ramuwa da nadama a gaban talabijin da linzami a hannu kafin su haɗu da shi a littafi. Ya kamata masu tarke su san abin da ake faɗa musu ta wannan hanya, su kuma iya bambance inda aka faɗe shi da gaskiya da inda aka yi musu dabo.