Ladi Kwali Da Randunanta

Ku 'yan makaranta, in takardar naira 20 ta shiga hannunku, ku juya bayanta. A gaba dai kun san Janar Murtala ne, mutumin Kano. A baya kuwa za ku ga wata mace ta sunkuya bisa tukunya tana gini. Ita ce Ladi Kwali, kuma aikinta muke so mu auna yau.

An haife ta wajen 1925 a Kwali, ƙasar Gbagyi, watau waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa. A can ginin tukwane sana'ar mata ce. Ba ta yi makarantar boko ba. Tun tana yarinya ta koyi aikin wurin wata 'yar'uwar iyayenta: a murza yumɓu kamar igiya, a ɗora shi hawa hawa, magina na kewaya tukunyar tana jan bangonta sama, sa'an nan a gasa a fili da itace da ciyawa. Tun yumɓun na da ɗanye takan zana masa kada, da hawainiya, da kunama, da ƙadangare, da kifi, da tsuntsu. A nan gwanintarta take. Ba ta barin dabba ta yi yawo bisa randa yadda ta ga dama, sai ta tsaga jikin randar gida gida, kamar yadda kunya ke raba gonakinmu na Bichi da Dambatta, ta sa kowace dabba cikin nata gidan, ta cika cikinta da ƙananan zane. In mutum ya kewaya randar, ba ya gane inda ta fara.

Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa, wannan Abuja kuwa ita ce Suleja ta yanzu. A can wani Bature maginin tangaran, Michael Cardew, ya gan su a 1950. Da ya buɗe makarantar koyon ginin tangaran a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari. Ta koyi gini bisa faifai mai juyawa, ta yi kwanoni da butoci, tana zane da ƙayar beguwa. Amma manyan randuna da hannu ta ci gaba da gina su, sai dai yanzu da yumɓun tangaran, a shafa musu ruwan ƙyalli, a gasa cikin tanderu mai tsananin zafi.

Daga nan suna ya tafi. An nuna aikinta a London a 1958 da 1959 da 1962. Ta zaga Amurka a 1972 tana gini gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984.

To, ga inda muke da magana. Masu yabo sukan ce tanderun Bature ya ɗaukaka aikinta. Lalle ya ƙara masa ƙarko, kuma farar ƙasar da ake cusawa cikin zanen takan sa hawainiya ta fito sarai daga ƙarƙashin ƙyallin. Amma kowane yaro da ya taɓa komowa daga gona cikin bazara, ya sa moɗa cikin randar uwarsa, ya san dalilin sanyin ruwan. Jikin randa yana da ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, zafin ruwan na tafiya tare. Ƙyallin nan kuwa ya toshe ƙofofin duka. Randar Ladi ta tangaran ba ta sanyaya ruwa, ta yi nauyin da mace ba za ta ɗauka zuwa rafi ba, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin matan da aka ƙago siffarta dominsu. Ashe randa ta tashi daga ɗakin uwargida ta koma ɗakin kallo.

Ba mu ce laifin Ladi ba ne, ba kuwa mu ce ta yi hasara ba. Ba don wannan canji ba, da yawancin aikinta ya fashe a bakin rijiya, ba wanda ya riƙe sunanta. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce a makarantar Abuja ta zama gwana. Randunan da suka tsai da Cardew a gidan Sarki, shekara 4 kafin ta shiga makarantar, a wutar ciyawa aka gasa su. A ganinmu ma ƙananan kwanoninta na faifai ba su kama ƙafar randunan ba, don faifai yana gaggawa, hannunta kuwa a hankali ya saba.

Ranar kasuwa, in kun bi ta layin masu tukwanen Dawakin Tofa, ku ɗaga tulu guda ku ƙwanƙwasa, ku dubi kaurin bakinsa da zanen wuyansa, ku tambayi mai shi wa ya gina.