Gwanintar Mai Yanka Haraji

Albashin ma'aikaci ba ya wahalar da Hukumar Tattara Kuɗaɗen Shiga ta Jihar Jigawa. Ofishin da ke biyansa ne ke cire harajin tun kafin kuɗin su shiga hannunsa, ya kuma aika wa hukumar kafin 10 ga watan da ke biye. Inda gwaninta take shi ne wajen mai shago a Takur, cikin Dutse, wanda duk lissafinsa a ka yake.

Jami'in hukumar kan soma da ƙidaya. Layi-layi yake bi da kundinsa, yana rubuta sunan mai sana'a, irin hajarsa da wurin shagonsa, sannan a ba shi lambar shaidar mai biyan haraji, wadda da ita za a riƙa gane shi. Daga nan sai ƙiyasi, wato kintatar ribar shekara. Yana duban buhunan da ke jibge, da yawan yaran shago, da kuɗin haya. Ya san cinikin kaka daban, na bazara daban, don haka ba ya auna shekara da kasuwar jajiberin salla. Ya san riba ake yanka wa haraji, ba a taɓa uwar kuɗi. Mai tatsar kirki kan rage wa maraƙi nono.

Doka ma tana kansa. Harajin kamfanoni na Gwamnatin Tarayya ne, kuɗin rumfar kasuwa na ƙaramar hukuma ne, na mutum ɗaiɗai kuwa na jiha. Sabuwar dokar da ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026 ta yafe naira 800,000 na farko a shekara. Bayan lissafi sai takardar sanarwa, kuma mai shago na da kwana 30 ya kawo ƙorafi in yana ganin an yi masa yawa. Biya a banki ake yi, a karɓi rasit, a daidaita shi da abin da ya shiga asusu.

Malalaci kan zauna a ofis ya yanka wa kowa kuɗi ɗaya. A ƙasar da dattawa ba su manta da zafin haraji da jangali ba, waɗanda gwamnatin Abubakar Rimi ta soke bayan hawanta a 1979, wannan ganganci ne. Wanda ya taka ya auna da adalci, shi ake biya baɗi ba tare da jayayya ba.