Kalmomin Laifi da Hukunci a Turancin Ingila: Sharhi bisa Littafin Mellinkoff da Jerin Kalmomin Makaranta

A shekarar 1963 wani lauya mutumin Amurka, David Mellinkoff, ya buga littafi mai suna The Language of the Law. A cikinsa ya bi sawun harshen da lauyoyin Ingila da na Amurka su ke aiki da shi, tun daga zamanin da Faransanci bai shiga Ingila ba har zuwa zamaninsa. Hukuncin da ya yanke wa harshen nan mai tsanani ne. A ganinsa yawancin maganar lauyoyi tulin kalmomi ce, ga duhu ga fankama, kuma da'awar da su ke yi, wai in an taɓa ta ma'ana za ta goce, galibi tsoron barin gado ne kurum. Ya yarda akwai kalmomin sana'a masu tsayayyar ma'ana, amma ya ce ba su kai yawan da lauyoyi su ke zato ba.

Lalle littafin ya cancanci malamin kwalejin horon malamai ya karanta shi. Sai dai akwai hatsari ga wanda ya karɓi hukuncinsa ɗungum. Irin wannan malami zai zaci bambancin "murder" da "manslaughter", ko na "theft" da "robbery", shi ma ƙawa ce ta lauyoyi, sa'an nan ya koma ga jerin da aka saba ba ɗalibai, kalmar Turanci a hagu, ta Hausa a dama, a haddace. Nufin wannan takarda shi ne a nuna cewa kalmomin laifi da hukunci na Turanci kowace ɗaya iyaka ce da wata kotu ko majalisa ta shata a wani zamani, kuma iyakar ta kan gusa. Wanda ya koyi kalmar bai koyi iyakar ba, da sauransa.

Asalin kalmomin

Inda Mellinkoff ya fi ƙarfi shi ne tarihi, kuma nan babu abin da za a ƙara masa sai yabo. Kalmomin da talakan Ingila ya ke kiran ɓarna da su, kamar "thief" da "steal" da "guilt", na tsohon Turanci ne. Ita kanta "law" daga bakin mutanen Arewacin Turai ta fito, waɗanda suka zauna gabashin Ingila. Bayan da Wiliyam na Normandi ya ci ƙasar a 1066, a hankali sai Faransanci ya zama harshen fada da na ɗakin shari'a, shi ya sa "court" da "judge" da "jury" da "verdict" da "prison" da "felony" duk daga can su ke. Mai Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, gama shi ma sata da fashi nasa ne na gida, alkali da shari'a da hukunci da diyya kuwa Larabci ya ba shi, daga baya kuma Turanci ya ƙara masa kotu da lauya da beli da sammaci.

Fiye da sau ɗaya majalisar Ingila ta yi yunƙurin mai da shari'a cikin harshen jama'a. Dokar 1362, zamanin Sarki Edward na Uku, ta ce a yi muhawarar kotu da Turanci, ko da ya ke ita kanta da Faransanci aka rubuta ta, kuma ta bar rubutun kotu cikin Latin. Sai dokar 1731, wadda ta soma aiki a 1733, ta kawar da Latin da Faransanci daga takardun kotu. Amma kalmomin sun riga sun yi saiwa. Daga zaman harsunan nan tare aka sami waɗansu tagwayen kalmomi, ɗaya ta gida ɗaya baƙuwa, kamar "will and testament", waɗanda ma'anarsu guda ce. A nan zargin Mellinkoff ya zauna daram, musamman a wasiyya da takardun ciniki. A ɗakin shari'ar laifi kuwa magana ta sake.

Kisan kai

Jerin makaranta ya kan ba "murder" da "manslaughter" da "homicide" amsa guda, watau kisan kai, ko kuwa ya ce na fari na ganganci ne, na biyu na kuskure. Duka biyu sun gaza. "Homicide" sunan kowane irin kisa ne, har wanda doka ta halatta. "Murder" kuwa da fari kisan ɓoye ta ke nufi. Sarakunan Normandi sun ɗora wa gunduma tara in an tsinci gawa a cikinta ba a san makashin ba, sai fa in an tabbatar mamacin Ba'ingile ne, kuma ba a soke tarar nan ba sai 1340.

Rabuwar kalmomin biyu ta samo asali ne daga wata alfarma da a ke yi wa malaman coci, wadda ta ke tsirar da su daga rataya. A hankali duk wanda ya iya karanta wata aya ta Zabura a gaban alkali sai a lissafa shi cikinsu. Zamanin Sarki Henry na Bakwai da na Takwas majalisa ta hana alfarmar nan ga wanda ya yi kisa da "malice aforethought", ta bar ta ga sauran. Daga nan wanda aka kama da "murder" sai igiya, wanda aka kama da "manslaughter" kuwa a yi masa lalas a babban yatsa. An soke alfarmar a 1827, amma iyakar da ta haifa ta wanzu. Har wa yau lafazin "malice aforethought" yana ruɗin mai fassara, domin kotunan Ingila ba su neman a nuna ƙiyayya ko shiri tun da wuri; niyyar kisa, ko ta yin mummunan rauni, ta isa. Kuma "manslaughter" ta haɗa abubuwa biyu masu nisa da juna: wanda ya kashe ba da niyya ba, da wanda ya yi niyya amma doka ta sassauta masa, ko don an tsokane shi har hankalinsa ya gushe, ko don taɓin hankali, wanda dokar 1957 ta shigar. Kafin a dakatar da rataya saboda "murder" a 1965, tsakanin kalmomin nan biyu ran mutum ya ke rataye.

Ƙasar Hausa ta ɗanɗana wannan da kanta. A mazhabar Malikiyya kisa ya kasu zuwa na ganganci da na kuskure, kuma tsokana ba ta fid da mutum daga ganganci. A 1947 aka kai ƙarar Tsofo Gubba da Hukumar En'e ta Gwandu gaban Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma. Majalisar Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa bisa ga fiƙihu, alhali kuwa abin da ya yi, in an auna shi da kundin dokokin Turawa, "manslaughter" ne. Kotun ta soke hukuncin, aka yi shekaru ana gardama a kan wace doka ce ke sama. A 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta kira taron masana shari'a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan. Bisa shawararsu aka yi kundin Penal Code a 1959, ya soma aiki ran 30 ga Satumba 1960. An ɗauko shi daga na Sudan, wanda shi kuma ya samo asali daga na Indiya na 1860. Abin lura shi ne kundin ya yar da "murder" da "manslaughter" gaba ɗaya, ya sa "culpable homicide", ya raba shi zuwa wanda hukuncinsa kisa ne da wanda ba kisa ba. Ashe ɗalibin da ya haddace "murder" kaɗai bai san sunan da kotun Kano ko ta Zariya ta ba laifin a ƙarƙashin kundin nan ba.

Dukiya

Haka al'amarin ya ke a laifofin dukiya. Hausa ba ta rasa kalmomi a nan: akwai sata, da fashi, da ƙwace, da sane, da zamba, da cin amana. Amma inda Hausa ta yanka daban, inda Turanci ya yanka daban. "Robbery" sata ce da aka haɗa da ƙarfi ko barazana ga jikin mutum, ko da mutum ɗaya ne ba makami, ko da abin kwabo ne, alhali fashi a kunnen Bahaushe ya fi kai wa ga taron mutane da tare hanya. "Burglary" kuwa a tsohuwar dokar Ingila sai an fasa gidan kwana, an shiga, da dare, da niyyar babban laifi, kuma dokar 1916 ta ƙayyade daren daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 6 na safe. A kan kawo "breaking and entering" misalin tagwayen banza, tun da ta fari Turanci ce ta biyu Faransanci. Amma a tuhumar "burglary" sharuɗɗa biyu ne, kowane sai an tabbatar da shi daban, kamar yadda malaman fiƙihu su ke neman hirzi da nisabi kafin su ce sata ta kai ga haddi.

A nan ne kuma shekarun littafin suka nuna. Shekara biyar bayan fitowarsa dokar sata ta 1968 ta share "larceny" da "embezzlement" daga dokar Ingila, ta tara su ƙarƙashin "theft", ta kuma cire sharaɗin dare da na fasawa daga "burglary". Dokar 1967 ta riga ta soke bambancin "felony" da "misdemeanour". Na farko shi ne laifin da a dā ya ke sa a ƙwace ƙasar mutum da dukiyarsa, kuma tun 1870 aka bar ƙwacen. Amma kalmomin nan biyu suna nan da rai a Amurka, suna kuma cikin kundin Criminal Code na kudancin Nijeriya, inda "felony" ta haɗa laifin da ɗaurinsa ya kai shekara 3 ko fi. Jerin da bai faɗi ƙasa da shekara ba ya kan cakuɗa matacciyar kalma da rayayya, ɗalibi bai sani ba.

Matakan shari'a

Kuskuren da ya fi cutarwa yana cikin kalmomin matakai, domin su ne mai fassarar labarai da tafintan kotu su ke taɓawa kullum. Mutum ya kan fara da zama "suspect", wanda a ke zato. In an karanta masa tuhuma ya zama "accused" ko "defendant". Ba a kiransa mai laifi sai an yi "conviction". Ita wannan daban ta ke da "sentence": ta fari tabbatar da laifi ce, ta biyu faɗin horo, kuma a kan yi makonni tsakaninsu. In aka ce "an yanke masa hukunci" ga duka biyu, mai sauraro ba zai san ko da sauran magana ba. A babbar kotun Ingila ma ba baki ɗaya ke furta su ba. Tabbatar da laifi aikin "jury" ne, mutum 12 daga cikin jama'a, horo kuwa na alkali. Fassara "jury" da masu taimakon alkali ta rage musu daraja, gama tun shari'ar Bushell ta 1670 aka tabbatar alkali ba shi da ikon hora su don sun ƙi bin ra'ayinsa.

Haka nan "acquit" da "discharge". Wanda aka yi wa "acquittal" an wanke shi, kuma bisa ƙa'ida ba a sake gurfanar da shi kan wannan tuhuma, ko da ya ke dokar Ingila ta 2003 ta buɗe ƙofa a manyan laifofi in sabuwar shaida mai ƙarfi ta fito. Wanda aka yi wa "discharge" kaɗai a kotun Nijeriya an sallame shi ne, ana iya komo da shi. A Ingila kuma "conditional discharge" ba a ba da ita sai bayan an tabbatar da laifi. Kalmar "sallama" ita kaɗai ba ta iya ɗaukar kaya uku. Shi kuwa "not guilty", abin da ya ke nufi shi ne masu ƙara ba su kawo hujjar da ta kawar da shakka ba.

Abin da ya kamaci malami

Saboda haka hukuncin Mellinkoff ya kamata a karɓe shi da awo. Ya yi daidai a kan takardun da lauyoyi su ke cusa wa kalmomi, kuma zamani ya gaskata shi, tun da a 1999 kotunan Ingila da kansu suka bar "plaintiff" suka koma "claimant" a ƙararrakin da ba na laifi ba. Amma kalmomin laifi da hukunci suna cikin 'yan kaɗan ɗin nan da shi da kansa ya yarda suna da aiki, kuma bai kamata mai karatu ya bar zafin zarginsa ya rufe wannan ba.

Malamin da ke shirya darasi zai fi amfanar ɗalibansa in ya rage yawan kalmomin, ya ƙara wa kowace bayani. A ba kowace kalma abokiyar iyakarta, a faɗi sharaɗin da ya raba su, a faɗi ƙasar da a ke aiki da ita da shekarar da ta shiga ko ta fita. Inda Hausa ba ta da kalma guda, jimla mai bayani ta fi kalmar da ta yi kusa amma ta kauce. Ɗaliban kwaleji su ne za su koyar da waɗanda za su zama akawun kotu da tafinta da 'yan jarida, kuma wanda ke tsaye gaban alkali bai ji Turanci ba, abin da tafinta ya gaya masa shi zai amsa.