Mutanen Ɗakin Kati

Wata Talata na kai Inna asibiti ganin likitan hawan jini. Sai da muka isa bakin tagar ɗakin kati, ta kwance haɓar zaninta, ta juye jakarta, aka nemi katin sama da ƙasa aka rasa. Ɗan ƙaramin katin nan ne da ake ba mutum ranar da ya fara zuwa, mai ɗauke da lambarsa. Shekara shida tana adana shi a leda ɗaya da katin zaɓe. Hankalina ya tashi, don na ga layin da ke bayanmu, na kuma san in aka ce a yanki sabon kati, to duk abin da likitoci suka rubuta a kanta cikin shekarun nan ya bi ruwa.

Dattijon da ke bayan tagar ko ɗaga murya bai yi ba. Ya ce, "Hajiya, ina kwana? Kwantar da hankalinki. Ranar da kika fara zuwa, sunan mahaifinki kika ba mu ko na maigida?" Inna ta dube ni, don ba ta faɗin sunan Baba, sai ni na faɗa. Ya tambayi unguwa. Ya tambaye ta ko tana tuna lokacin da ta fara zuwa, ta ce da azumi ne, shekarar da aka yi bikin autarta. Ya jawo wata doguwar durowa cike da ƙananan katuna jere bisa haruffa, yatsunsa na bin su kamar mai jan carbi. Mata huɗu ya samu masu suna iri ɗaya da nata. Biyu ya tsallake saboda unguwa, ɗaya saboda shekaru. Ya kwafi lamba a 'yar takarda, ya shige tsakanin kantoci, kafin in gama amsa waya ya fito riƙe da fayil mai kauri, gefensa duk ya yi laushi saboda yawan hannu.

Amfanin abin da ya yi mana sai a ɗakin likita na gani. Likitan ranar matashi ne, bai taɓa ganin Inna ba. Ya auna jininta ya samu 170 bisa 100, ya ɗauki biro zai ƙara mata magani, sai ya tsaya yana buɗe shafukan baya. A wani shafi na shekara uku da suka wuce, wani likita da ba mu ma tuna fuskarsa ya rubuta cewa an ba ta lisinopril, ya sa ta busasshen tari mai hana barci, an dakatar. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin rubutun. Matashin ya ɗago ya ce, "Mama, ashe wannan ba ya karɓar ki," ya rubuta wani. Ita Inna ta manta da tarin, ni kuma ban taɓa sanin sunan maganin ba. Takardar ce ta tuna mana.

Tun ranar nake kallon ɗakin kati da wani ido. Mu marasa lafiya mun ɗauke shi wurin ɓata lokaci, shingen da sai an tsallake kafin a ga likita. Alhali ƙwaƙwalwar asibitin ce gaba ɗaya a wurin. Likitoci na canzawa, wasu a yi musu canjin wurin aiki, wasu su tafi Saudiyya ko Ingila, fayil kuwa yana nan.

Tsarin na mutum ɗaya, lamba ɗaya, fayil ɗaya, yana da mafari. A da, kowane likita da littafinsa, yana rubuta duk wanda ya gani bi da bi, ta yadda labarin mutum ɗaya zai warwatse a littattafai biyar. A 1907 wani likita mai suna Henry Plummer, a asibitin Mayo da ke Amurka, ya tsara cewa a ba kowane majiyyaci lamba tasa ta har abada, a tara duk takardunsa a jaka guda, jakar ta riƙa bin sa duk sashen da ya je. Shi ne abin da dattijon nan yake riƙe da shi har yau. Katin hannunka mabuɗi ne kawai. Katin durowarsu, wanda ke jere bisa suna, shi ne mabuɗi na biyu in naka ya ɓata.

Jera fayilolin ma ilimi ne. Wanda bai sani ba zai ce ai sai a bi lamba daga ɗaya zuwa sama. In aka yi haka, duk sababbin fayiloli, waɗanda su aka fi nema, za su taru a kanta ɗaya ta ƙarshe, ma'aikata su yi ta gogayya da juna a lungu guda. Shi ya sa manyan asibitoci da yawa suke karanta lambar daga baya. A ce lambarka 047358. Ma'aikaci zai nufi sashe na 58, cikinsa ya nemi gurbi na 73, sannan ya zaro na 04. Da haka sababbin fayiloli suke bazuwa daidai cikin sassa ɗari. Kuma duk fayil ɗin da aka zare, akan soka wani dogon kati a gurbinsa, a rubuta ranar da ya fita da inda ya tafi, ko ɗakin tiyata, ko wurin likitan ido, ko ɗakin da aka kwantar da mai shi. Fayil da aka mayar gurbin da ba nasa ba kusan ɗaya yake da wanda ya ƙone, domin yana cikin ɗakin amma ba mai ganin sa. Gwani yakan bi kanta da ido kawai ya hango wanda ya fita daga layin 'yan'uwansa.

Amma inda na fi jinjina musu shi ne wurin tambaya, domin aiki da mutanenmu yana buƙatar abin da ba a koyarwa a littafin Bature. A gari kamar Kano ko Zariya, Aisha Muhammad nawa ne za su zo asibiti ɗaya a shekara? Musa Ibrahim nawa? Mace ta zo yau da sunan mahaifi, bayan aure ta dawo da sunan miji. A gida ana kiran ta Ladi ko Balaraba, sunan yanka kuwa daban. Uwa ta kawo ɗan fari, kara ta hana ta faɗin sunansa, ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai matsa mata ba, zai juya ga wadda ta rako ta ya ce, "Yaya, wane suna za mu rubuta wa yaron?" Ka tambayi tsoho shekarunsa ya ce Allah masani. A nan sai dabara: "Baba, lokacin da aka kashe Murtala ka yi aure?" In ya ce a shekarar aka haifa masa ɗan fari, an samu 1976, sai a lissafa. Wani da canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973 ake kamo shi, wani da rikicin Maitatsine na 1980. Adireshi kuma ba lambar gida. Sai a rubuta bayan masallacin Juma'a, gida na uku daga famfo, a tambayi mai unguwa. Wannan kwatancen da ake gani kamar surutu, shi ne zai kai ma'aikacin lafiya ƙofar gidan ranar da sakamakon gwaji ya fito da abin da ba ya jira.

Ba kuma aikin da ake tsinta a hanya ba ne. Akwai makarantun koyon sa a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma tun 1989 aka kafa hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya. Suna koyon sunayen sassan jiki da na cututtuka, da lissafi, da doka.

Cikin fayil ɗin kuwa fagen likita ne. Rubuta labarin majiyyaci tsohuwar al'ada ce a likitancin Musulmi. Abubakar ar-Razi, wanda ya yi aiki a asibitocin Rayyu da Bagadaza ya rasu wajen 925, ya bar bayanan ɗaruruwan mutanen da ya duba, da abin da suka zo da shi da abin da aka ba su. Tsarin da ake koya wa ɗaliban likitanci a yau kuma ya samu siffarsa a hannun Lawrence Weed, wani likitan Amurka, a wani rubutu da ya wallafa a 1968. Likita zai fara da abin da majiyyaci ya faɗa da bakinsa: kaina ke sara kwana uku, da dare ya fi. Sai abin da shi ya gani ko ya auna, zafin jiki, bugun zuciya, launin ido, sakamakon jini. Bayan nan ne zai rubuta abin da yake zato, sannan abin da za a yi da ranar dawowa. Mukan ce gani ya kori ji, amma a fayil ba ya korar sa, kowanne da layinsa, kuma ba a yarda su cakuɗu ba. Dalilin shi ne likitan gobe yana iya saɓa wa zaton na yau. In an ajiye masa ji daban, gani daban, zai iya sake hukunci da kansa. In kuwa zato kawai aka rubuta masa, an ɗaure masa hannu. Kowane rubutu da kwanan wata da lokaci da sa hannu. In an yi kuskure ba a gogewa, layi ɗaya ake ja a kai yadda za a iya karanta abin da ke ƙasa, a sa hannu a gefe.

Akwai kuma takardun da ba sa kwana a asibiti, suna bin mutum gida. Mafi shahara cikinsu a ƙasar nan aka haife shi. A ƙarshen shekarun 1950 wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, yana aiki a Imesi-Ile, a jihar Osun ta yau, ya tsara kati mai zanen hanya, inda ake ɗiga nauyin yaro wata bayan wata. Ɗigon na hawa, yaro na lafiya. Ya tsaya cak ko ya gangaro, akwai matsala, tun kafin ido ya ga rama. Ya kuma damƙa katin a hannun uwa, ko da ba ta karatu, domin hawa da gangara ba sa buƙatar boko. Daga wannan ƙauyen katin ya bazu duniya. Jikansa ne katin da matanmu ke riƙewa yau, wanda a Maraɗi da Damagaram ake kira karne. A jikinsa ake rubuta allurar ranar haihuwa, da ta sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, da ta ƙyanda a wata tara. Nas ta duba shi sau ɗaya ta san abin da ya rage.

Masu tarin fuka tasu bibiyar ta fi tsanani. Magani ne na wata shida, kuma mutum yakan ji sauƙi tun a wata na biyu ya ɗauka ya warke. A katinsa akwai gidan dara na kowace rana, ana sa alama in ya sha. Gurbi ya fara zama fari, sai a kira waya, in ba a samu ba a hau babur a bi kwatancen nan na bayan masallaci. Wanda ya yanke magani yana iya dawowa da tarin da ba ya jin maganin farko, ya kuma raba wa iyalinsa.

Bayan an sallami kowa, aikin ɗakin kati bai ƙare ba. Kowace cuta tana da lambarta a kundin Hukumar Lafiya ta Duniya. A bugu na goma, hawan jini irin na Inna I10 ne, sikila D57, kwalara A00. Ana tattara ƙididdigar wata a tura ƙaramar hukuma, ta shiga manhajar DHIS2 da Najeriya ke amfani da ita, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita. Da irin waɗannan alƙaluman ake gane cewa gudawa ta yi yawa a wata gunduma, ko a san yawan maganin zazzaɓin da za a aika kafin damina.

Sai amana. Mutumin da ke bayan tagar nan ya san wace ce ta yi ɓari, wane ne ke karɓar maganin ƙanjamau, wane attajiri ne ke ganin likitan ƙwaƙwalwa. A unguwa ɗaya yake zaune da su, sahu ɗaya suke sallah. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ajiye bayanan majiyyaci, ta kuma hana bayyana su ba da izininsa ba, sai in kotu ko doka ta buƙata, ko lafiyar jama'a na cikin haɗari. Doka ke nan. Amma abin da ke kame bakin mutum a majalisar dare tarbiyya ce, kuma na ga masu ita.

Yanzu kwamfuta na shigowa asibitoci, kuma ina maraba da ita, don gara ba ta cin ta, ruwan sama ba ya jiƙa ta, rubutunta kuma kowa na karantawa. Sai dai in an ɗauke wuta takarda ake komawa, kuma in aka shigar da Aisha ɗaya a gurbin wata, na'ura za ta maimaita kuskuren ba tare da ta yi shakka ba. Har gobe ana buƙatar mai tambaya irin dattijon nan.

Saboda haka, mai karatu, in ka koma gida yau ka nemo katin asibitinka da na iyayenka da na yara, ka ɗauki hotonsu a waya. Ka riƙe suna ɗaya a duk inda za ka yanki kati, kada ka ara wa ɗan'uwa naka don gudun layi, domin jininsa da cutarsa za a rubuta a fayil ɗinka. In ka isa bakin tagar kuma, ka yi sallama, ka gaida mai aikin kafin ka miƙa katin.