Manhajar Hausa da Ɗalibin da Ba Ya Gani ko Ba Ya Ji: Tsokaci a Kan Kayan Taimako

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba da manhajar Hausa ta firamare da sakandare ya san yadda aka tsara shafukanta: ga batu, ga manufa, ga abin da za a koyar, ga ayyukan malami da na ɗalibai, ga kayan koyarwa, sannan ga hanyar aunawa. A wannan tsokaci mun tsaya ne a kan gurbi guda, wato na kayan koyarwa, domin a nan ne ake gane irin ɗalibin da masu tsara manhaja suka ƙudura a zuciyarsu. Abin da aka fi lissafawa a gurbin shi ne allo, da hotuna, da katuttukan kalmomi, da zanen gaɓoɓin furuci, da rediyo ko kaset. Wasu daga cikin waɗannan na mai ido ne, sauran kuwa na mai kunne. Ɗalibin da ya rasa ɗaya daga cikin biyun ba a kore shi da baki ba, amma ba a ajiye masa wurin zama ba.

Ba doka ce ta yi ƙaranci ba. Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta keɓe sashe ga ilimi na musamman. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tanadi cewa rubutun makafi da maganar hannu su shiga cikin abin da ake koyarwa a makarantu. Idan aka tambayi dalilin da ya sa abin bai kankama ba, amsar da aka saba ji ita ce rashin kuɗin sayen na'urori. Gaskiya ne na'urorin suna da tsada. Sai dai mu abin da muka lura da shi daban ne: ko da an sayo su, akasarinsu Ingilishi suke ji, kuma gyaran da zai sa su ji Hausa aiki ne na masana harshe da masu tsara manhaja, ba na ɗan kwangila ba. (Da yake a yau kalmar manhaja ta zama sunan abu biyu, a nan tsarin karatu muke nufi da ita. Abin da ake ɗora wa kwamfuta kuwa, shiri za mu kira shi.)

2.0 Makaho da Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Koyar da makafi karatun boko ba baƙon abu ba ne a Nijeriya. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri, a Jihar Filato ta yanzu, a 1953, ta Pacelli da ke Legas kuma a 1962. Rubutun da Louis Braille ya ƙago a Faransa a ƙarni na 19 ya ginu ne a kan ɗigo shida masu tudu, waɗanda ake sarrafawa su ba da alamomi 63, kuma an daɗe da tsara wa Hausa nata fasalin. A da, ɗalibi kan rubuta da allon rubutun makafi da tsinkensa, ko da keken rubutu na Perkins wanda ya fito a 1951, malami kuma ya kwafe masa darasi shafi bayan shafi. A yau hanyoyi biyu sun sauƙaƙa aikin. Ta farko ita ce na'urar da ke karɓar rubutu daga kwamfuta ta buga shi da ɗigo. Ta biyu ita ce shirin da ke karanta abin da ke fuskar kwamfuta ko waya da murya, irin su JAWS, da NVDA wanda aka fara a 2006 kuma kyauta ake samunsa, da TalkBack da VoiceOver na wayoyin hannu. Dukkan hanyoyin biyu sun dogara ga abu guda: rubutun da ke cikin kwamfuta ya kasance daidai, ba a fuska kawai ba, har a ciki.

A nan Hausa take da wani tsohon ciwo da mai ido bai cika sanin da shi ba. Kafin tsarin Unicode ya yaɗu, masu buga littattafanmu sun yi dabarar samar da ɓ da ɗ da ƙ ta hanyar aro gurbin wasu alamomi. A wani salon, an ɗora ƙ a kan alamar }, ɗ a kan ], ɓ kuma a kan ~. A wani salon, q da x da v aka ara. Dabarar ta yi amfani a zamaninta, kuma ba mu raina waɗanda suka yi ta ba, domin da ita aka buga littattafai da mujallu da kundayen digiri masu yawa. Amma a takarda ne kawai kalmar take fitowa ƙasa ko ɗaya. A cikin kwamfuta }asa ce ko qasa, ]aya ce ko xaya. Na'urar buga rubutun makafi ba ta ganin takarda. Abin da ke ciki take fassarawa, sai ta buga wa yaro baka a inda ya kamata ya taɓa harafi. Shirin karatu da murya shi ma sai ya ambaci sunan alamar da Turanci, ko ya tsallake ta, ya karanta ragowar kalmar.

Wasu masu buga rubutu sun guje wa wannan ta hanyar yar da lanƙwasar baki ɗaya, wanda ya fi muni. Idan babu lanƙwasa, bari da ɓari sun zama ɗaya, haka doki da ɗoki, da kafa da ƙafa, da baki da baƙi. Yaron da ya tashi da Hausa a Kano ko Katsina zai iya cankar abin da ake nufi daga sauran jimlar. To ina ga wanda yake koyon Hausa a matsayin harshe na biyu a Aba ko Ibadan ko Benin, wanda ba shi da Hausar gida da zai koma gare ta? Abin da ya taɓa da yatsa, ko ya ji daga na'ura, shi ne Hausar da zai riƙe. Haka nan alhamzar da ke cikin 'ya'ya ko sana'a: a wurinmu harafi ce ko ɓangaren harafi, a wurin shirin da aka gina don Ingilishi kuwa alamar rubutu ce da ba a furtawa.

Ko an gyara baƙaƙen, saura murya. Muryar da aka horar da Ingilishi tana karanta c a matsayin k, tana lanƙwasa wasulanmu yadda ta ga dama. An samu ci gaba a wannan fanni: a 2023 kamfanin Meta ya fitar da muryoyin kwamfuta na harsuna fiye da 1,100, har da Hausa, waɗanda aka horar da karatun littattafan addinin Kirista da aka ɗauka a faifai. Wannan abin maraba ne, sai dai bai warware matsalar aji ba. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutu. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Mutum yana rarrabewa da ma'ana, na'ura kuwa sai an tara mata jimloli masu yawa da aka yi wa alamar kari da tsawo kafin ta koya. Tara irin waɗannan jimloli aiki ne na sassan Hausa na jami'o'i da cibiyoyi irin wannan tamu, kuma babu wani kamfanin waje da zai san inda kuskuren yake idan ba mu nuna ba.

Akwai masu ganin cewa duk wannan wahalar banza ce, a ɗauki littattafan a murya a ba makaho ya saurara. Ba mu yarda da wannan ba. Sauraro yana isar da labari, amma manhaja tana auna ƙa'idojin rubutu, kuma kunne ba ya jin inda ake raba kalma ko haɗa ta. Ba ya bambance yana da ya na, ba ya nuna gurbin babban baƙi ko waƙafi. Ɗalibin da bai taɓa kalma da yatsunsa ba, za a kayar da shi a shifta da insha'i a kan abin da ba a taɓa nuna masa ba.

Abin ya fi ciwo idan aka zo adabi. Daga cikin rubutattun waƙoƙin da aka fi nazari a makarantunmu akwai Waƙoƙin Imfiraji na Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, wanda shi kansa makaho ne, kuma makafi na daga cikin waɗanda suka fi yaɗa waƙoƙin da baki. Manhajar da ke alfahari da shi ba ta ce komai ba game da yadda makahon ɗalibi zai sami baitocin a ƙarƙashin yatsunsa, ya ƙirga ɗango, ya bi amsa-amo. Hujjar haƙƙin mallaka ma ta kau: Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017, dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 kuma ta ba da damar mayar da littafi zuwa fasalin da makaho zai iya karantawa.

3.0 Kurma

Matsalar kurma ta fi zurfi, domin shi ba hanyar karatu kawai ya rasa ba, tambayar ita ce da wane harshe za a koya masa Hausa. Maganar hannun da ake amfani da ita a yawancin makarantun kurame na ƙasar nan ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma Ba'amurke baƙar fata, ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Alhali kuwa kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kafin zuwan boko, wadda masu ji da yawa suke iya yi da su a kasuwa da cikin unguwa. Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano, ta kuma buga littafi a kanta a 2000. Ke nan yaron da ya taso da maganar hannu ta gida, idan ya shiga makaranta sai a sauya masa da wata wadda aka jingina da kalmomin Ingilishi, sannan a ce da ita zai koyi Hausa. Haruffan yatsu da aka aro guda 26 ne, na Ingilishi. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsu, manhaja kuma ba ta faɗa wa malami yadda zai nuna su ba.

Na'urar ƙara ji tana taimakon mai sauran ji, muddin an auna kunnensa kafin a ba shi, an kuma samu batir da mai gyara. Ba ta mayar da wanda ba ya ji sam mai ji, kuma a ajin da ya cika da hayaniya har hayaniyar take ƙarawa. Karatun leɓe shi ma yana da iyaka a Hausa. Bambancin b da ɓ, da d da ɗ, da k da ƙ a maƙogwaro yake, ba ya bayyana a leɓe. Karin sauti kuwa ba a ganinsa ko kaɗan. Saboda haka lanƙwasar da ke kan harafi ita ce kaɗai shaidar da kurma yake da ita cewa kalmomin biyu ba ɗaya ba ne, malamin da ya yi sakaci da ita a allo ya rufe masa ƙofa. Duk da haka, manufofin darasin tsarin sauti suna nan yadda suke: ɗalibi ya saurara, ya furta, ya bambance. Ba muna cewa a cire wa kurma wannan darasi ba ne. Muna cewa a rubuta masa manufar da zai iya cimmawa, kamar gane bambancin ma'ana daga rubutu, da sanya alamar kari a kan kalmomin da aka koya masa, a kuma auna shi a kan wannan.

4.0 Sauran Gurabe

Yaron da yake ji yake gani amma magana ba ta fita, kamar wanda ya samu lahani a ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, allon hotuna ne bakinsa: yana nuna hoto, ko ya danna shi na'ura ta furta. Waɗanda ake shigowa da su an tsara su ne bisa nahawun Ingilishi da abincin Turawa. Hausa tana bambance kai da ke, da ya da ta, tana kuma buƙatar gaisuwa kafin kowace buƙata. Allon da ba shi da ina kwana, ba shi da tuwo da koko da buta, zai sa yaro ya yi magana kamar baƙo a gidansu. Wannan kuwa da kwali da almakashi malami zai iya haɗa shi, in an ba shi jerin kalmomin da suka dace da kowane aji.

Malamin shi ne gurbin da ya fi faɗi. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, da sassan ilimi na musamman na jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero, suna yaye ƙwararru. Amma a yawancin makarantu wanda ya iya rubutun makafi daban, wanda ya karanci Hausa daban. Na farko yana mayar da amsar ɗalibi zuwa rubutun masu ido ba tare da ya san muhimmancin lanƙwasa ba, na biyu ya ba da maki a kan abin da ya iso hannunsa. A tsakaninsu ne makin yaro yake zubewa. Hukumar JAMB ta nuna cewa gyara mai yiwuwa ne, tun da ta kafa kwamiti na musamman a 2017 wanda ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na daban. Sai dai wannan a bakin ƙofar jami'a ne, yaron da aka bari a baya tun aji uku na firamare ba zai iso wurin ba.

Daga cikin gyare-gyaren da muka ambata, akwai guda da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Duk littafin Hausa da za a amince da shi don makarantu, a wajabta wa mawallafinsa ya miƙa kwafin kwamfuta da aka buga da baƙaƙen Unicode, tare da bayanin kowane hoto a rubuce, a ajiye shi inda makarantun makafi za su iya karɓa. Tantance shi ba ya ɗaukar lokaci. Jami'i ya buɗe kwafin, ya sauya salon baƙaƙen zuwa wani na daban, ya duba: idan ƙasa ta koma }asa ko qasa, a mayar wa mawallafi da littafinsa ya gyara.